Sarkin Kabi Sama'ila Ɗan Yakubu Nabame: Rayuwa a Bakin Iyaka

A filin tarihin magabata na wannan fitowa, na zaɓi in kawo tarihin Sarkin Kabi Sama'ila ɗan Yakubu Nabame, wanda aka fi sani da Sama. Shi ne ya riƙe sarautar Kabi a Argungu daga 1883 zuwa 1915. Na san wasu za su yi mamakin abin da ya haɗa ɗan Masama, cikin ƙasar Gwandu, da tarihin Sama. To ai mu ma muna da haƙƙi a labarinsa, domin kakanninmu ne suka yi shekaru suna barci da ido ɗaya saboda shi. In tsofaffinmu suka shiga labarin zamanin dauri, lokacin da manomi ba ya yin nisa da ganuwa, sunansa ke fara fitowa.

Akwai kuma dalili na biyu. Rayuwar mutumin nan ta ratsa rigimar iyaka har guda biyu. Ta farko ita ce ta tsakanin Kabi da Gwandu, wadda aka kusa shekara ɗari ana yi da doki da mashi. Ta biyu ita ce ta tsakanin Ingila da Faransa, wadda aka yi da takarda da alƙalami, ita ce kuma ta haifar da iyakar Najeriya da Nijar da muke tsallakawa yau a Kamba ko Kangiwa. Wanda ya fahimci Sama ya fahimci yadda aka yi waɗannan iyakoki suka tsaya inda suke.

Asalin rigimar da ya gada

Daular Kabi tsohuwa ce. Muhammadu Kanta ne ya kafa ta a farkon ƙarni na 16, ya zauna a Surame, ya kuma gagari Sanwai daga yamma da Barno daga gabas. Daga baya sarakunan suka dawo da fadarsu wannan Birnin Kabi da muke karatu a cikinsa. A 1805, shekara ɗaya da fara jihadi, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya jagoranci rundunar da ta ci birnin, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita da waɗanda suka bi shi. Da Shehu Usmanu ya raba aikin tafiyar da daula tsakanin ƙanensa da ɗansa, yamma ta faɗa hannun Malam Abdullahi. Ke nan a lissafin masu jihadi, Kabi da Arewa da Zabarma da Dandi duk ƙasar Gwandu ce.

Gidan sarautar Kabi bai yarda da wanga lissafi ba. Hodi ya ci gaba da yaƙi har aka kashe shi a 1826. Ƙanensa Karari ya karɓa, ya zauna Argungu, shi ma rundunar Sakkwato da Gwandu ta taru a kansa, aka kashe shi a 1831. Ɗan Karari, wato Yakubu Nabame, ya shiga hannu, aka bar shi da ransa, aka kai shi Sakkwato ya zauna a tsare shekara goma sha takwas. Tsarewar ba ta kurkuku ba ce, zama ne a fada ƙarƙashin ido, har yakan fita yaƙi tare da rundunar Sarkin Musulmi. Masu tarihi sun kawo cewa a wani yaƙi da Gobirawa ya ceci ran ɗan Sarkin Musulmi Aliyu Babba, wannan ya sa aka amince masa ya koma gida.

Haihuwarsa da tasowarsa

A cikin wannan zama na tsare aka haifi Sama'ila, wajajen 1842. Kun ga ke nan mutumin da ya fi kowa wahalar da Sakkwato da Gwandu a ƙarshen ƙarnin, a hannunsu ya buɗe ido. Yana yaro ƙarami, a 1849, mahaifinsa ya koma Argungu ya yi shelar cewa Kabi ta fita daga biyayya. Arawa da Zabarmawa da Dandawa suka mara masa baya. Wannan haɗin gwiwa shi ne ƙashin bayan duk abin da ya biyo baya, ina kuma roƙon mai karatu ya riƙe shi, domin za mu dawo kansa.

Tawayen ya datse wa Gwandu hanyarta ta yamma, wadda ke bi ta kogin Kwara zuwa Sayi da Liptako. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya sauka Gwandu a 1853 zamanin Sarki Halilu, ya tarar da ƙasar cikin zaman ɗar-ɗar, hanyoyi ba tabbas. Tsakanin Gwandu da Argungu kuwa bai wuce tafiyar yini guda a kan doki ba. Fadamar gulbin Kabi ita ce ta zama iyaka, da damina ruwa ya raba faɗa, da rani a koma.

Sama yana da shekara goma sha biyu ko kusa da haka aka kashe mahaifinsa a fagen fama, a 1854. Baffansa Yusufu Mainasara ya hau, shi ma Sarkin Gwandu Haliru ya kashe shi a 1859. Ku ƙirga da kyau: Hodi, Karari, Nabame, Mainasara, sarakuna huɗu a jere, babu wanda ya mutu a kan shimfiɗarsa. A shekarar da ta biyo, 1860, zamanin wansa Muhammadu Ba'are, Kabawa suka rama, suka kashe Sarkin Gwandu Haliru a fadama. Mu ma nan gefenmu an yi kuka. Tun daga nan Gwandu ta fi mayar da hankali ga tsaron garuruwanta na bakin fadama, Ambursa ta zama mazaunin sarki na yaƙi.

Wannan ita ce makarantar da Sama ya yi. Yaron da ya tashi yana jin yadda aka kashe kakansa, ya kuma ga an kashe ubansa da baffansa, ba sai an gaya masa abin da ake jira daga gare shi ba.

Lafiyar Toga

Bayan Ba'are sai wani baffan nasa, Abdullahi Toga, ya hau a 1860. A zamaninsa ne gajiya ta kama kowane ɓangare, har aka zauna aka ƙulla sulhu wajen 1867, wanda ake kira Lafiyar Toga. Sharuɗɗan a taƙaice su ne: an yarda Kabi tana cin gashin kanta, kowa ya riƙe garuruwan da ke hannunsa a lokacin, waɗanda aka kama a yaƙi kuma su zauna inda suke. In muka duba da idon yau, wannan yarjejeniyar iyaka ce sosai, kuma mutanen ƙasa ne suka ƙulla abarsu, babu Bature a wurin.

Sai dai sulhun bai wuce shekara takwas ba. A 1875 rigima ta tashi tsakanin mutanen Fana, da ke ɓangaren Kabi, da mutanen Giro, da ke ɓangaren Gwandu. Kowane sarki ya tsaya wa nasa, aka koma gidan jiya. A waɗannan shekaru Sama ya yi suna a matsayin barde, tun kafin ya hau gado. Da Toga ya rasu a 1883, aka naɗa shi.

Sarautarsa da yaƙe-yaƙensa

Abin da masu ba da labari na ɓangarorin biyu suka haɗu a kai shi ne, Sama mutum ne mai ƙarfin jiki, mai ƙarancin magana, gwanin jifa da mashi. Ana cewa in ya fita yaƙi ba ya neman ɗaki, a kan garkuwarsa yake kwana, abinci kaɗan ya ishe shi. Ana kuma jingina masa tsafi da rikiɗa, kamar yadda aka saba jingina wa duk wanda ya gagara. Ni dai abin da na fi gaskatawa shi ne yawan 'yan leƙen asirinsa. Yana sanin garin da mazajensa suka fita, da ƙofar da ba ta da tsaro, sai ya nuna kamar ya nufi gabas, asuba ta yi masa a yamma.

Ana ƙirga masa garuruwa casa'in da ya ci a ƙasar Gwandu da Sakkwato, cin Gande na daga cikin waɗanda aka fi ambata. Ko adadin ya cika ko bai cika ba, abin da ke bayansa gaskiya ne: rumbuna sun ƙone, an kwashe mata da yara, gonakin nesa sun koma daji. Haka kuma rundunonin ɓangarenmu suka riƙa yi wa ƙauyukan Kabawa in sun samu dama. Bai kamata son jarunta ya rufe mana ido daga wannan ba. Talakan da aka kama yana noma bai san dalilin faɗan ba, sau da yawa kuma da mai kamun da wanda aka kama alƙibla ɗaya suke fuskanta.

Ƙarfin Sama bai tsaya ga Kabawa kaɗai ba. In rani ya yi, mahaya suna zuwa masa daga Arewa da Zabarma da Dandi, shi ma yana kai musu gudummawa in nasu ya taso. A Zabarma akwai mayaƙa irin su Isa Korombe, waɗanda suka hana Fulanin Dallol Boso, masu biyayya ga Gwandu, sakat. Wato ƙawancen da Nabame ya ƙulla a 1849 yana nan da ransa bayan shekara arba'in.

Babbar jarrabawa ta zo wajen 1892. Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ya hau a 1891, ya ƙudura sai ya kawo ƙarshen Argungu. Ya tara runduna daga masarautu da dama, har da Kano, ya taho da kansa. Sama ya tare su, rundunar ta watse, Argungu ba ta ciwu ba. Wani abin lura shi ne, a wannan yaƙi Galadiman Kano Tukur ya nuna jarunta a gaban Sarkin Musulmi. Da mahaifinsa Sarkin Kano Bello ya rasu a 1893, sai Abdurrahman ya dage Tukur za a naɗa, duk da cewa 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi suna da rinjaye. Daga nan yaƙin basasar Kano ya tashi. Abokan karatunmu Kanawa, kun ji inda wutarku ta samo tartsatsi, a bakin ganuwar Argungu.

Rigima ta biyu: Ingila da Faransa

Lokacin da Sama yake wannan fama, akwai wata gardama da ake yi a kansa a can Turai, bai ma san ana yi ba. A 1885 Joseph Thomson ya zo Sakkwato da Gwandu a madadin kamfanin George Goldie, wanda ya zama Royal Niger Company, ya koma da takardun da kamfanin ya riƙa nunawa a matsayin shaidar cewa ƙasashen nan suna ƙarƙashin inuwarsa. Faransawa kuwa suna tahowa daga yamma, burinsu su haɗa kogin Kwara da tafkin Chadi.

Ranar 5 ga Agusta 1890 ƙasashen biyu suka amince da wani layi daga Sayi, a bakin Kwara, zuwa Baruwa, a bakin Chadi. Kudu na Ingila, arewa na Faransa, da sharaɗin cewa za a lanƙwasa layin yadda duk abin da yake na daular Sakkwato a bisa gaskiya zai faɗo ɓangaren kamfanin. Firayim Ministan Ingila, Lord Salisbury, har ya nuna wa majalisarsu cewa abin da aka bar wa Faransa yawancinsa rairayi ne. Faransawa suka ji zafin wannan, suka tashi neman inda sharaɗin yake da rauni.

To ina raunin yake? Yana Argungu. Tambayar ita ce, shin Kabi da Arewa da Zabarma na Sakkwato ne ko kuwa? Ingila ta ce nata ne, tunda a takardar Gwandu haka yake. Sai hafsan Faransa Monteil ya taso daga Sayi a 1891, ya ratsa Doso, ya sauka Argungu wurin Sama, ya wuce Sakkwato. Ya gani da idonsa cewa Kabi ba ta bin kowa, yaƙi ma take yi da Sakkwato, kuma babu ƙeyar ma'aikacin kamfanin Ingila a yankin. Ya kai wa gwamnatinsa wannan rahoto. Abin da Nabame da Toga da Sama suka kare da jininsu, shi ne ya zama hujjar Faransa a teburin ciniki.

Gardamar ta ɗauki shekaru. Jamusawa ma sun leƙo daga Togo, suka iso Gwandu a 1895 suna neman nasu rabo. A farkon 1898 wani hafsan Faransa, Cazemajou, ya sauka Argungu ya ƙulla yarjejeniya da Sama, sannan ya wuce Damagaram inda aka kashe shi a watan Mayu. Labarin cewa Faransawa sun kai Argungu ya tayar da ƙura a Landan, har aka riƙa maganar yaƙi tsakanin manyan ƙasashen biyu.

Ranar 14 ga Yuni 1898 aka sa hannu a wata sabuwar yarjejeniya a Paris. 'Yan'uwanmu masu karatun safiyo, ku saurara. Iyakar ta tashi daga Kwara, sama da Illo kaɗan, ta bi Dallol Mauri ta yi arewa. Daga nan sai aka kafa tsinin kamfas a tsakiyar birnin Sakkwato, aka buɗa shi mil 100, wato kimanin kilomita 160, aka zana baka. Abin da ke cikin bakan na Ingila, na waje na Faransa. Argungu ta faɗo ciki. Doso da Gaya suka faɗa waje. Kafin shekarar ta ƙare Faransawa sun kafa sansani a Doso, Zabarmawan da ke kawo wa Sama doki sun zama talakawan wata gwamnati.

Ita ma wannan iyaka ba ta zauna ba. Faransawa suka gano cewa in za su je Damagaram daga Kwara ba tare da sun taka ƙasar Ingila ba, sai sun zagaya bayan bakan, ta inda babu rijiyoyi. Ayarin Voulet da Chanoine na 1899 bai ma tsaya zagaye ba, ya kutsa cikin bakan, ya yi ta kisa da ƙone-ƙone, har ya ƙone Birnin Ƙonni. Faransa ta ci gaba da neman a ba ta hanya mai ruwa, Ingila tana jan ƙafa tana jiran farashi.

Zaɓin Sama

A cikin wannan hali Turawan Ingila suka iso Argungu. Sama bai yaƙe su ba. A 1902 suka ajiye sojoji a garinsa, kuma daga nan wani rukuni ya tashi ya haɗu da rundunar da ta ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903. Nan ne masu sukarsa suke tsayawa, kuma suna da abin faɗa. Amma in za mu yi adalci, mu dubi abin da ke gabansa. Ta yamma Faransawa sun riga sun shanye abokansa, labarin Ƙonni kuma ya iso kunnen kowa. Ta gabas da kudu akwai waɗanda gidansu ya yi shekara kusan ɗari yana yaƙi da su. Ya zaɓi wanda yake ganin zai bar masa gadonsa. Mu ma Gwandu, a wannan shekara ta 1903, ba a yi yaƙi ba aka miƙa wuya.

Ta wani gefen lissafinsa ya fita. Turawa sun tabbatar da shi a matsayin sarki mai masarautarsa, ba a ƙarƙashin Gwandu ba, ba a ƙarƙashin Sarkin Musulmi ba, ko da yake a cikin Lardin Sakkwato. Abin da Hodi da Karari da Nabame suka mutu a kai ya tabbata, sai dai yanzu akwai Razdan a sama.

Ta ɗaya gefen kuwa, ba a gama yanka ba. Ranar 8 ga Afrilu 1904 Ingila da Faransa suka yi babban sulhu a kan rigingimunsu na duniya. A ciki Faransa ta saki wani tsohon haƙƙi da masuntanta ke da shi a gabar tsibirin Newfoundland, can kusa da Kanada, Ingila kuma ta biya ta da abubuwa, ciki har da turo iyakarmu kudu. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai in yi shiru. Kabawa mutanen su ne, ga shi kuma an yanke wa sarkinsu abokai saboda kifin wani teku da bai taɓa jin sunansa ba. Yarjejeniyar 29 ga Mayu 1906 ta daidaita layin, sannan daga 1906 zuwa 1908 Manjo O'Shee na Ingila da Kyaftin Tilho na Faransa suka bi shi a ƙasa, suka kafa alamomi 148 daga Kwara zuwa Chadi. Matankari da Dogon Dutsi suka koma Faransa, haka ma Ƙonni da Maraɗi. Arewa ta rabu biyu, Kangiwa nan, Dogon Dutsi can. Dandi ta rabu biyu, Kamba nan, Gaya can.

Gwandu ma ba ta tsira ba. Sayi da Torodi da Liptako da sauran ƙasashen yamma duk sun tafi hannun Faransa. Masarautu biyu sun shekara da shekaru suna faɗa a kan wa ke da Arewa da Zabarma da Dandi, ƙarshe aka raba abin ba a tambayi ko ɗayansu ba.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Sama ya rayu shekara goma sha biyu bayan faɗuwar Sakkwato, yana tsoho, yana ganin ana karɓar haraji da ƙidayar mutane a ƙasar da ya saba ratsawa da mashi. Ya rasu a 1915, bayan shekara talatin da biyu a kan gado. Ba kamar kakansa da mahaifinsa ba, shi a gida ajali ya same shi. Tsohuwar fadar da suka zauna, Gidan Nabame, ita ce yanzu gidan tarihi na Kanta a Argungu, inda kaburburan sarakunan Kabi suke. Duk ɗalibin da bai taɓa zuwa ba, ya daure ya je, ba nisa.

Rigimar farko ta mutu bayansa. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi da bikin su, daga nan bikin kamun kifin da duniya ta sani ya samo asali. A 1991 aka haɗa Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru a jiha ɗaya, aka kuma sa mata sunan Kabi. Yau a ɗakin kwananmu jikan wanda ya kai hari da jikan wanda aka kai wa hari suna cin tuwo a kwano guda, abin ya koma tsokana.

Ta biyun ce ba ta mutu ba. Najeriya da Nijar ba su taɓa yaƙi a kan layin ba, alhamdu lillahi. Nijar da Binin kuwa sai da kotun duniya ta raba musu gardama a 2005 a kan tsibirin Lete da ke Dandi. Amma layin yana nan yana aiki a kanmu. An rufe shi a 2019, an sake rufe shi a 2023 bayan juyin mulkin Yamai, kuma duk mun ga yadda kasuwar Kamba ta yi sanyi, muka ga abokan karatu da suka kasa zuwa biki ko ta'aziyyar dangi a ƙauyen da ake hango hayaƙinsa. Waɗanda abin ya fi taɓawa su ne jikokin Arawa da Zabarmawa da Dandawan nan da suka tsaya tare da Nabame da Sama.

Ba na cewa a tumɓuke alamomin Tilho, domin wannan sabuwar fitina ce. Abin da nake fata shi ne, mu da za mu fita mu zama ma'aikatan safiyo da kwastan da ƙananan hukumomi a wannan yanki, mu san yadda aka yi layin, mu kuma san cewa mutanen da ke bayansa ba baƙi ba ne. Kakanninmu da suka zubar da jinin juna sun iya zama sun ƙulla Lafiyar Toga, jikokinsu kuma suka ƙarasa abin da ta fara a 1934.

Allah ya jiƙan Sarkin Kabi Sama'ila, ya jiƙan sarakunan Gwandu da suka kara da shi, ya jiƙan talakawan ɓangarorin biyu da ba a riƙe sunayensu ba. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.